Tsagar Baba Isufu da shafin da na ɓatar

Da safen nan ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa, 4 train, aka kira ni, wai Baba Isufu ya rasu.

Jirgi biyu suka wuce ni, wayar na hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da la'asar ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci. An kai shi asibiti, amma kwana ya riga ya ƙare.

'Yan unguwarmu ta Morris Heights a nan New York, ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Ga waɗanda ba su san shi ba, dattijo ne Bagobiri daga Maradi, dogo, da tsaga a kumatu tun daga gefen baki har kusa da kunne. Shekara tara yana hawan da ke ƙasa da namu.

Duk ranar da ƙanƙara ta zuba, kafin mu masu aikin safe mu fito ya riga ya barbaɗa gishiri a matakala don kada santsi ya kwashe mu. Ba aikinsa ba ne, kuma bai taɓa cewa shi ne ba.

Da na faɗi jarrabawar nas karon farko, kowa sai "ki yi haƙuri". Shi kuwa kilishi ya miƙo mini a takarda, ya ce, "Ci, ɗiyata. In kin ƙare ki buɗe littafi." Wallahi haushinsa na ji a ranar. Amma na buɗe.

A gida shi ma ma'aikacin asibiti ne, sai dai takardunsa ba su yi masa aiki a nan ba. Ya ƙare a wani ɗakin ajiyar tsofaffin littattafan likitoci a Manhattan, yana ɗauko akwatuna, yana juya shafi ɗaya bayan ɗaya ana scanning, wato ɗaukar hotonsu a sa a kwamfuta. Littattafan da likitocin garin nan suka rubuta da hannu ne, shekara ɗari da hamsin ko fiye: wa suka je dubawa, a wane gida, me suka ba shi, ya tashi ko bai tashi ba.

Abokan aikinsa juya shafi kawai suke yi. Shi karantawa yake, har littattafan akwatunan da ba a kai gare su ba yakan buɗe lokacin hutu.

Yakan dawo yana dariya, ya ce ashe lokotoron New York na da can wanzami ne da kwat. Ƙaho suke yi, su ɗora wa mutum matsattsaku ya sha jini, sannan su hau keken doki su wuce gida na gaba.

Azumin bara waccan na haɗu da shi a matakala, na dawo daga aiki rai a ɓace. Na ce wani mara lafiya ya ƙi shan magani, ni kuwa na rubuta a file cewa ya ƙi, na yi gaba.

Ya ce, "Kin tambaye shi dalili?"

Na ce Baba mutum nawa ne a wuyana.

Sai ya zauna a kan matakalar, ya ba ni labarin wani shafi. Wani likita ya je duba ma'aikacin jirgin ruwa a wani gidan haya kusa da bakin teku. Bai rubuta sunansa ba, ɗan Afirka kawai ya sa. Zazzaɓi ne. Likitan ya rubuta cewa mutumin ba ya karɓar ruwa ko magani tun daga asuba har rana ta faɗi, bayan nan sai ya sha. Kuma yana saukowa daga gado ya kai goshi ƙasa, yana magana shi kaɗai. Daga nan ya yanke cewa zazzaɓin ya taɓa masa kai, ya sa aka ɗaure shi a gado. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta cewa ya mutu.

A gefen shafin likitan ya zana fuskar mutumin, saboda wasu layuka da ya gani a kumatunsa.

Baba ya ɗora yatsa a kan nasa kumatun, ya bi tsagar a hankali. Ya ce, "Irin wagga ce, ɗiyata, ba ragi ba ƙari. Mutumin ga azumi ya kai, salla ya kai. Allah ya yi ma maras lafiya rangwame, amma babu wanda zai faɗa mishi da harshen da yake ji. Shekara nawa ke nan yana kwance cikin littafi a matsayin mahaukaci."

Tun daga ranar ban sake rubuta "ya ƙi" ba sai na tambaya.

Abu ɗaya ya roƙe ni. Matar da ke shugabantar wurin aikinsa ta ce ba a taɓa tsohon rubutu, amma za a iya haɗa takardar bayani da shafin, in ma'aikacin lafiya ya rubuta ya sa hannu. Baba ya ce Turancinsa na kasuwa ne. In zo in rubuta, shi kuma ya tsaya kusa da zanen a ɗauki hoton fuskarsa, kowa ya gani da idonsa.

Aikin awa biyu.

Na ce bayan salla. Na ce in sanyi ya wuce. Na ce in an canza mini shift. Kun san ni da baki, uzuri ba ya yi mini wuya.

Da ya ga haka sai ya rubuta mini lambar akwatin da ta littafin da ta shafin a 'yar takarda, wai ko ranar da ba ya aiki na samu sarari in je in fara gani. Na jefa a aljihun uniform. Na wanke uniform ɗin da ita a ciki, ta fito kamar dusa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, a 125th Street, yana cinikin zuma wurin wani ɗan garinsu. Ya sayi kwalba biyu ya tura mini ɗaya cikin jaka, ina a'a yana turawa. Sannan ya ce, "Takardar tana nan ko?"

Na ce, "Tana nan, Baba."

Ƙarya na yi masa. Kunya ce ta hana ni cewa ya sake rubuta mini, abin da ko minti ɗaya ba zai ci ba. Ya yi murmushi ya ce, "To madalla. Mutumin nan ya jima yana jira, bai ƙosa ba." Ya bi ta bakin subway, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka.

Ɗazu na kira wurin aikinsa na gaya musu. Matar ta ce ta tuna maganar, amma ba ta riƙe lambar ba, kuma scanning bai kai ga akwatunan nan ba tukuna. Sun cika ɗaki guda. Ta ce kullum yana gaya mata 'yarsa nas za ta zo.

'Yarsa. A nan kuka ya ƙwace mini.

Na ce mata ina zuwa ranar Litinin. Ban san littafin ba, ban san sunan likitan ba. Zan zauna in juya shafi kamar yadda yake yi, ko wata nawa zai ɗauka. Abin da ke cin raina shi ne fuskar da za a ajiye kusa da zanen, gobe bayan azahar za a rufe ta. Shekara tara, ko hotonsa ɗaya ba ni da shi.

Don Allah duk mai hoton Baba Isufu wanda tsagar ta fito sosai, ya turo mini ta inbox. Ko na ɗaurin aure ne, ko na ranar idi.

Baba, ka yafe mini.

Ya Allah ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalansa na Maradi haƙuri. Ku da kuka karanta har ƙarshe, ku yi masa addu'a. In kun ɗaga hannu ku haɗa da ɗan'uwan nan namu na cikin littafi, wanda aka ɗaure a gado yana son yin salla. Ba mu san sunansa ba, Allah ya san shi. Duk azumi Baba ne ke yi masa addu'a, yanzu kuma babu Baba.