Yadda Na Ɗaura wa Ordinatar Aure da Imfirmanti

Duk Gidan Rumji an san cewa ni Ɗan Tani mai gyaran rediyo, ko gawa ce, in dai da waya a jikinta, sai ta yi magana. Shi ya sa a shekarar da jam'iyyu suka fito kamar fara, da direktan lakol, wato shugaban makarantar boko, Mushe Isufu, ya nuna min tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar da wani nasara ya bari, da imfirmanti, injin buga takarda, waɗanda bakinsu bai dace ba, na rantse gaban majalisa zan ƙera allon lantarkin da zai haɗa su. Ya ce in na kasa a kai su Maradi. Maradi, ina raye?

Na koma shago na iske ba ni da komai sai baki da ƴan ƙarafan matattun rediyoyi; sauran kayan, aka ce min, sai kasuwar Agiye.

Gidan Rumji zuwa Agiye

Bayan asuba na shiga taksi, mu tara da rago guda. Muka sauya mota a Maradi. A bariyar Agiye, shingen binciken motoci, jandarma ya zaro tsumma daga jakata, ya ga ƴan ƙarafa masu ƙafafu.

"Mine ne wanga?"

"Dimokuraɗiyya ce, shef. Kowane da bakinai."

"Wuce, kafin in ba ka tawa."

A kasuwa wani mai hoto ya sayar min da fallen allo mai fuskar jan ƙarfe, da kwalbar ruwan da ke cinye ƙarfen ya bar hanyoyin wuta kaɗai.

Gazawa

Na sauka gidan abokina Alhaji Mamman, aka ba ni tuwon hatsi har na daina ganin ƙafafuna. Na zana hanyoyin da jan farce, na tuttula ruwan a kwanon silba na uwargida Hajiya Rabi. Kwano ya hau tafasa babu wuta, gindinsa ya ɓule, mafi yawan ruwan ya bi ƙasa.

"Ɗan Tani, kwanon aurena ne fa."

"Hajiya, ya yi shahada a fagen ilimi."

"To, ilimi ya sayo wani."

Abin da ya rage bai kai kofin shayi ba, kuma babu irinsa sai Kano. Na ari ƴar ƙwaryar fura, na kwantar da allon ciki, ina jijjiga ta kamar jinjiri. Ƙwarya ba ta tafasa ba, ba ta ɓule ba. Kafin la'asar hanyoyi suka fito fes. Ƙarfen liƙa kuwa a garwashin mai shayi na gasa shi, na liƙa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

Gida

Muka jona allon da batirin mota a lakol, majalisa ta cika taga. Na danna. Imfirmanti ya yi tari, ya yi gurnani, ya tofo takarda: SANNU. Mushe Isufu ya rungume ni, ya ce Maradi ta nemi wani aikin. Na gode wa Allah, na gode wa masu masaukina, har ma da jandarma.

Na kai wa maiɗakina takardar ina tafe kamar sabon dafite, ɗan majalisar dokoki. Ta juya ta gaba da baya.

"Malam, kwana uku kana yawo don ƙarfe ya ce maka sannu? Ni da nake faɗa maka kullum, ko amsawa ba ka yi."