Ba Na Ci Sai Ya Ci

Tun da aka kai ni gidan maigidana a Likoro ban taɓa sa loma a baki kafin shi ba. Ba wanda ya sa ni, haka na ga uwata na yi. In kai masa tuwo, ya ci, ya turo kwanon, abin da ya rage shi ne nawa. Da gangan yake bar mini gefen da miya ta fi yawa.

Sai likita a Zariya ya ce ciwon daji ne a maƙogwaronsa. Mutumin da ke wuni a gonar rake ya dawo ya tashi da malmala uku, ga shi koko ma da ƙyar yake wucewa. In kai kwano, in ɗauko shi yadda na kai. In buɗe zan ci, in ji kamar sata nake. Sai in ba yara.

Masu dubiya kuwa ba su ƙarewa. Daga Hunkuyi, daga Gazara, kowa da ƙullin maganinsa, ni ce jiƙawa, ni ce dafawa. Wallahi har haushin sallama nake ji, Allah ya yafe mini. Zanina ya fara kwancewa da kansa. Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin rijiya, ƙanwarsa cewa ta yi ai rashin barci ne.

Washegari ya ce tuwon masara yake so da miyar kuka. Na yi murna, na ce sauƙi ya zo. Ya ci kaɗan, ya turo kwanon, na cinye tas. Kullum haka, har na fara mayar da jiki.

Wata azahar na zaga bayan ɗaki ɗebo itace, na tarar da shi durƙushe ya dafa bango, yana dawo da tuwon, har da jini. Yana jan ƙasa da hannu yana rufewa. Ashe kullum abin da yake yi ke nan.

Na ce, "Malam, don me?"

Ya goge baki, da ƙyar ya ce, "In ban taɓa ba, ba kya ci."

Ko kukan ban iya ba don gajiya. Da yamma na miƙa masa kofin kokonsa, na ɗauko tuwona na zauna a gabansa. Na yi bisimilla na fara ci, yana kallona. Kowace loma sai na bi ta da ruwa, amma ban tashi ba sai da na suɗe kwanon.