Baba Ɗigo Ya Yaye Rufi

Mutanen layinmu suna kiran mahaifina Baba Ɗigo, don injinsa ɗigo-ɗigo yake ba da fetur. Da gatse suka raɗa masa sunan, shi kuwa ya amsa har da ɗaga hannu.

Walda ce sana'arsa. Amma a ɗakin bayan gida ya haɗa wata ganga da yake turara garin katako a ciki. Gas ɗin da ya fito sai ya tace shi, ya matse, ya tura shi cikin bututun ƙarfe mai zafi cike da ƙwayoyin sinadari. Can ƙarshe sai mai ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Da shi babur ɗinsa yake tafiya, yana tari kamar tsoho, amma yana tafiya.

Matsalar ita ce gas ɗin nan ba shi da wari, kuma yana kisa. Wata rana da hantsi Mama ta tsince shi kwance a bakin ƙofa, da ƙyar aka ceto shi. Likita ya ce ɗakin ba ya samun iska. Ranar na tsorata, na kuma ji haushinsa ƙwarai.

Kafin a sallamo shi daga asibiti Mama ta garƙame ɗakin da kwaɗo. Da ya dawo gida ta ce masa:

"Muddin ina gidan nan, ƙofar nan ba za ta sake buɗuwa ba. In ka taɓa kwaɗon, na tafi."

"To, uwargida, na ji."

Washegari muka ji ƙwanƙwasa a sama. Baba ne kan tsani, yana ɓamɓare kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya. Da ɗakin ya koma fili sai ya zura tsanin ciki ya sauka.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Mama.

"Likita ya ce iska, ga iska. Kin ce kwaɗo, ga kwaɗonki ban taɓa ba."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta. Ta fito da akwati, ta tsaya tsakar gida tana jin injin yana huci.

Can ta dangwarar da akwatin, ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta buɗe ƙofar da kanta.

"In ka sake faɗuwa, ta ina zan jawo ka? Ta sama?"