Ƙauyen da Ke Ƙarƙashin Giwa

Har gobe ban manta da wata Talata a shekara ta biyu ta babban fari ba, lokacin ina sarjan a barikin soja a Damagaram. Ku sababbin shiga kun san teburin yashi a matsayin darasi mai sa gyangyaɗi. A zamaninmu kuwa wasa ne da hafsoshi suke mutuwar so, kuma ni ne mai kula da shi.

Ga wanda bai sani ba, tebur ne mai faɗin ɗaki, cike da yashi. Ni nake tsara ƙasa a kai: tuddai, hanyoyi da zare, kowane ƙauye da ƙwallon dabino mai ɗauke da sunansa. Duk Alhamis hafsoshi su rabu gida biyu, ja da shuɗi, kowa ya jera tankokinsa na gwangwani. Da igiya ake auna tafiyar tanka, harbi kuma a watsa wuri shida, irin kuɗin da, adadin da suka kife shi zai nuna ko an samu. Limamin bariki ya ce caca ce aka sa wa kaki, su kuma suka ce dabarun yaƙi ne.

Kapitan Abari, shugaban 'yan ja, ya sa wani maƙerin unguwar Zango ya ƙera masa tanka da gwangwanin mai, gindinta kamar faifai. Ya sa mata suna Giwa. Ni ma, ban da ƙarya, ina alfahari da ita, don ni na shafa mata fenti. Da a ce ta gaske ce bisa ma'aunin teburin, da ta fi unguwannin Birni da Zango girma a haɗe. Dokar wasan ita ce, in lokaci ya ƙare ba a gama ba, ba mai taɓa komai sai an dawo. An tashi ranar wata Alhamis Giwa tana gabas da garin Damagaram Takaya, saura ƙiris ta murƙushe 'yan shuɗi.

Kafin wata Alhamis ɗin umarni ya zo cewa kamiyoyin soja, wato manyan motoci, za su raba dawar agaji. Taswirar takarda da muke da ita ta tun zamanin Nasara ce, babu sababbin ƙauyuka a ciki. Teburina ya fi ta cika, domin duk rangadin da muka fita sai na ƙara abin da na gani. Shi ya sa ranar Talatar kumandan ya shigo da hafsoshinsa, ya ce in karanto ƙauyukan gabas ɗaya bayan ɗaya, Ajudan Ilu yana rubutawa. Wanda ya shiga takardar zai samu buhuna, wanda bai shiga ba kamiyo ba zai san da shi ba.

Na karanta har na zo gefen Giwa. Ajudan ya ce a ɗaga wannan dodon a duba. Kapitan ya yi dariya ya ce a bar masa ita, nasararsa ce a wurin. Sai kumandan ya juyo gare ni.

"Sarjan Laminu, kai ka gina teburin. Akwai wani abu a ƙarƙashi?"

"Babu, mon kumandan. Fili ne."

Ban yi ƙarya da gangan ba. Na yarda da kaina ne fiye da kima, kuma ban so in ɓata wa kapitan rai a gaban manya. Ɗagawar ba za ta ci ko minti ɗaya ba.

Mako uku ana jigila, ba wanda ya tuna da wasa. Da aka samu sarari aka dawo, kapitan ya auna igiyarsa ya tura Giwa gaba. A inda ta tashi sai ga ƙwallon dabino ya nutse a yashi, da rubutun hannuna a jiki: Rijiyar Kyari. Kapitan ya ajiye wurin da ke hannunsa. Shi da kansa ya je ya nemi izini, washegari da safe muka loda buhu ashirin muka kama hanya.

Gidaje ne kamar talatin, amma mutum huɗu muka tarar, duk tsofaffi. Mai garin, Baba Kyari, yana zaune bakin rijiya. Ya karɓe mu da mutunci, har yana ba da haƙuri cewa ba shi da furar da zai ba mu. Ya ce sun yi kwana goma sha biyu suna jin ƙugin motoci a hanyar da ke kudu da su. Kullum mata su share wuri su shimfiɗa tabarmi, sai ƙugin ya wuce. Daga baya masu ƙarfi suka ɗauki yara suka nufi Kano a ƙafa. Ya nuna mana sababbin kaburbura biyar, ɗaya na matarsa.

"Ɗana," in ji shi, "tambaya ɗaya nake da ita. Laifin me muka yi wa gwamnati?"

Kapitan ya dube ni, na dubi ƙasa. Ban iya gaya wa dattijon cewa gwangwani ne ya zauna a kan garinsa ba. Na ce masa kuskuren takarda ne. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa mana albarka saboda dawar, kuma wannan albarkar ta fi mari zafi.

Ba wanda ya hukunta ni. Kumandan ya ce aiki ne ya yi yawa, aka rufe maganar. Na ƙara shekara goma sha ɗaya a kaki, har na yi ritaya ban samu labarin mutanen nan sun koma garinsu ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu wanda ke tsaye a bakin tebur ba ya jin yunwar wanda ke cikin yashi. In babba ya tambaye ku ko kun tabbata, kada ku amsa da ka. Ku sa hannu ku ɗaga ku gani, ko da ran wani zai ɓaci. Ni na ce fili ne, alhali gida talatin ne suna jiran mota.