Jar Ƙasar Radoje

A duk tarihin Montenegro ba a taɓa jin mutumin tudu ya bar wa abokin gaba ko taƙi ɗaya na ƙasarsa ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙasar ba ta da yawan da za a bari. Farin dutse ne ko'ina, sai 'yar jar ƙasa cikin kwarmi, wadda kakanni suka yi dakonta a buhu.

Irin wannan kwarmi Radoje ya gada a wani ƙauye saman garin Cetinje. Faɗinsa bai wuce tsakar gida ba, dankalin Turawa yake shukawa. Ƙasa da shi gonar Krsto ce, ɗan baffansa. Duk shekara ruwan kaka kan wanke ƙasar Radoje ya juye wa Krsto. Al'adar ƙauyen kuwa, in ruwa ya ɗauke, na sama ya sauko da buhu ya kwashi abinsa. Haka ubanninsu suka yi.

Krsto ya ce shi bai san wannan zance ba, abin da ruwa ya kawo masa nasa ne.

"Ɗan'uwa," in ji Krsto, yana jingine da shebur, "in ka gane taka a ciki, kira sunanta. In ta amsa, tafi da ita."

"Ɓarawon da ruwa ke yi wa dako," in ji Radoje. "Ubanka ma da ƙafarsa yake zuwa satar akuya."

Daga ranar ko a jana'iza ba sa gaisawa.

Radoje ya kwashe rani yana fasa dutse da guduma, ya yanka wa ruwa sabuwar hanya zuwa wata tsaga da ke gefen gonarsa. Matarsa Stane ta tuna masa cewa tsagar nan ba ta da gindi, abin da ya shiga cikinta sai dai a neme shi a teku. Ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ta.

Ruwan kaka ya zo kamar da bakin ƙwarya. Sabuwar hanyar ta fi tsohuwar gangara, ta yi aikinta ba ha'inci. Da gari ya waye kwarmin Radoje ya koma farin dutse tas. Bai tsaya kallonsa ba, sai ya leƙa gonar Krsto, ya ga ko cikin cokali Krsto bai samu ba. Har yau wannan labari Radoje yake ba duk wanda ya zauna kusa da shi, yana dukan tebur.

Dankalin da yake ci yanzu, Stane ce ke sayowa a wurin matar Krsto.