Keken Ɗinki a Tsakiyar Shagona

Fitilun sola da fankoki masu caji nake sayarwa, kuma na daɗe ina yi ba tare da shago ba. Daga ɗakina na Shagari nake komai. In shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske ya fi kyau, in jera kayan, in ɗauki hoto in ɗora a shafina. Wanda ya gani ya yi mini magana ta waya, mu daidaita, in ɗaure kwali a bayan babur in kai masa har ƙofar gida. Na san hanyoyin ƙauyukanmu a haka, na san inda yashi yake kayar da mutum da inda kare yake biyo babur.

Da ciniki ya fara buɗewa, sai kwalaye suka cinye ɗakin. Matata tana da ciki a lokacin. Ta yi magana har ta gaji ta daina, sai dai in ga ta dafa bango tana tsallake kwali kafin ta kai bakin gado. Duk da haka ba ita ta tayar da ni ba. Wani Bafulatani ne mai shanu a wajen Kajiji. Ya ga hoton babban faifan sola da batir a wayar wani ɗan'uwansa, ya aiko cewa yana so. Na ɗauro kayan na bi hanyar nan mai gargada har rugarsu. Ya duba, ya shafa, ya sa na kunna masa fitila ya gani da idonsa, sannan ya tambaye ni in abin ya lalace ina zai iske ni. Na nuna masa lambar wayata. Ya ce waya ana kashe ta. Ya ba ni nono na sha, ya raka ni har bakin hanya cikin mutunci, amma bai saya ba.

Tun daga ranar na kasa zama. Duk shagon da na wuce sai na leƙa, ko da kuwa na mai faci ne. Mahaifina ya so in nema a nan Shagari, kusa da gida, inda kowa ya san ɗan wane ne ni. Ni kuwa Bodinga nake hange. A can motocin Sakkwato suke fara sauke kaya, ga mutanen Dingyaɗi da manoman albasa suna shigowa kullum. Da ya ga na nace, sai ya ce in je in gani, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Wani dillali ya yi ta yawo da ni cikin garin. Shagon farko da ya nuna mini jikin injin niƙa yake, ko sallama ba ka ji. Wani kuma da na ɗaga kai sai na hangi sama ta cikin kwanon rufin. Akwai wanda ya yi mini, amma yana can cikin lungu, sai ka yi wa mutum kwatance har ya gaji. Kullum in koma Shagari da yamma jikina duk ciwo, in ɗauko waya in tarar da saƙonnin da ban amsa ba tun safe.

A ƙarshe ya kai ni wani shago a bakin titi, kusa da inda masu keke napep suke tsayawa. Na wani tsohon tela ne da yanar ido ta rufe masa gani, ya daina ɗinki. Da aka buɗe ƙofa sai ƙanshin yadi da man keke ya tarbe mu. Babu komai a ciki sai benci da wani baƙin keken ɗinki na ƙafa, irin na da, an girke shi daidai inda hasken ƙofa yake sauka. Tun ban shiga ba na san nan nake so.

Mun sami tsohon a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi asalina, ashe ya taɓa yi wa kakana ɗinki. Bai ja magana ba a kan kuɗin haya. Sai da aka gama komai, dillali ya rubuta yarjejeniyar shekara, limamin unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, sannan tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata.

“Abu guda dai, ɗana. Kekena ba shi hita wanga shago.”

Na dubi dillali, dillali ya dubi ƙasa. Na ce babu komai, Baba. A raina na ɗauka magana ce ta kwana biyu, in ya samu wurin ajiya zai aiko a ɗauka.

Na sa aka yi fenti, kafinta ya buga kantoci, mai zane ya rubuta mini allo da lambar wayata. Na sayi akwatin gilashi don in jera ƙananan fitilu a gaba, sai ga shi babu inda zan ajiye shi, keken ya tsare wurin. Dole na tura shi gefe, inda mai wucewa ba ya gani. Ranar da na buɗe kuma na gano wani abin: babu sabis a cikin shagon. Kana taka dokin ƙofa sai waya ta yi shiru. In zan amsa saƙo sai na fita gindin bishiyar dogon yaro da ke tsallaken kwata, in tsaya ina ɗaga waya sama ina waiwayen ƙofa.

Ban taɓa sanin zama aiki ne ba sai a shagon nan. Na saba da iska a fuska. Yanzu ga ni a kan kujera, ina kallon titi, ina kallon kaya, in tashi in gyara abin da na gyara ɗazu. In wani ya yi oda daga nesa, sai in tsaya ina lissafi: in rufe shago in tafi, mai zuwa ya tarar da kwaɗo; in zauna, wancan ya nemi wani. Sau da yawa nakan rufe in fita a guje, in dawo maƙwabcina mai sayar da hatsi ya ce yanzun nan wasu suka tafi. Ban san ko gaskiya yake faɗa ko tsokana ba, amma kullum sai ta sosa mini rai.

Shi kuwa tsohon, kwana kaɗan da buɗewa sai ga shi da sandarsa, yana lalube. Ya yi sallama, ya wuce kai tsaye bayan kekensa ya zauna, ya fito da tsumma daga aljihu ya fara gogewa. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo, abokansa sun gano ya dawo. Su zo su cika bencin, su miƙe ƙafafu a bakin ƙofa, ana hirar farashin gero da wanda ya rasu da wanda ya aurar da ɗiya. Mata masu son fanka su tsaya daga nesa, kunya ta hana su ratsa dattawa, sai in fita in same su a waje.

Tsohon da kansa ya ce in riƙa tafiya kai kaya, zai tsare mini shago. Na ji daɗi, na faɗa masa farashin komai, ya haddace tsaf. Amma duk sanda na dawo ban taɓa tarar da ya sayar da ko fitila ɗaya ba. Wata rana na iso daidai lokacin da wani manomi yake riƙe da ƙaramar fanka yana tambaya, na ji tsohon yana ce masa ya bar wannan, jiya an maido irinta, ya jira yaron ya zo ya ba shi mai ƙwari. Gaskiya ne an maido, amma guda ɗaya ce cikin kwali guda. Na haɗiye abin da ya taso mini, na sayar wa mutumin wata. A hanyar gida na yi ta shirya maganar da zan faɗa wa tsohon gobe. Da gari ya waye na ga ya shigo yana lalube bango da hannu, sai na gaishe shi kawai na matsa masa kujera.

Da damina ta kankama, wata ɗiyarsa da ke aure a Sakkwato ta zo ta tafi da shi, aka ce za a yi masa aikin ido. Bencin ya zama wayam. Ban jira ba. Na kira mai hatsi muka ciccibi keken muka kai shi can ƙurya, na rufe shi da buhu, na jawo akwatin gilashina gaban ƙofa. Shagon ya yi kyau, har na ɗauki hotonsa na ɗora a shafina, mutane suka yi ta sa albarka. Ciniki ma ya ɗan motsa. A cikin makonnin nan matata ta haihu, aka samu ɗiya mace, na yi ta zirga-zirga tsakanin Bodinga da Shagari cikin ruwa da taɓo. Ban cika tuna tsohon ba, sai in na je ƙurya ɗauko kaya na yi tuntuɓe da ƙafar keken.

Wata safiya ina share ƙofa sai na ga mutum tsaye a tsallaken titi da baƙin tabarau, ba sanda a hannunsa. Ya ɗaga kai yana karanta allona a hankali, harafi bayan harafi, har lambar wayar. Sannan ya tsallako, ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona.

“Ashe haka kake,” in ji shi. “Na ɗauka ka hi haka jiki.”

Muka yi dariya. Ya shiga, ya dubi fentin, ya dubi kantoci, ya dubi akwatin gilashi, idonsa ya tsaya a kan buhun da ke ƙurya. Ya kawar da kai. Ya zauna a benci muka gaisa, ya yi mini barka da haihuwa, ya tafi. Ko azahar ba a yi ba na sake kiran mai hatsi muka maido keken inda yake.

Washegari ya zo da zare da ɗan ƙyalle a aljihu. Ina kallonsa ya lashi bakin zaren, ya matso da fuska, ya zura shi cikin allura. Ya ɗora ƙafa, keken ya yi ƙara kamar zai ƙi, sannan ya kama. ’Yar riga ya ɗinka wa jaririyata, da ɗan aiki a wuya. Matata ta juya ta ciki da waje ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai tsabta haka ba.

Daga nan labari ya bazu cewa Baba tela ya dawo aiki. Tsofaffin masu kawo masa ɗinki suka fara zuwa, da sallah ta matso kuwa abin ya wuce misali. Shadda da yadi a kan kwalayena, zare yana naɗewa a fankokin da na kunna don talla, mutum ya miƙe hannuwa ana gwada shi a daidai inda mai sayen fitila zai tsaya. In na yi wa mai oda saƙon murya daga bakin ƙofa, sai ya tambaye ni ko na koma ɗinki ne. Ga shekarar haya tana ƙarewa. Tsohon bai ce zai karɓi shagonsa ba, bai ce zai bar mini ba. Na tambayi dillali, ya ce shi ma bai sani ba. Na shiga lissafin allon da na buga, da mutanen da suka riga suka san wurin, da hoton da na ɗora ina cewa ga inda za a same ni. Abinci ma a tsaye nake ci.

Mahaifina ne ya ce in daina zagaye-zagaye, in je in tambayi mutumin a gidansa. Na je bayan la’asar, na same shi a zaure yana yanka yadi a kan tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, ya bar ni har na gama, almakashinsa bai tsaya ba. Sannan ya ajiye.

“Lokacin da nib ba ka shagon ga, ban san zan koma ganin ramin allura ba,” ya ce. “Ba ni korarka. Amma ni ma ba ni iya zama gida ina gani.”

Na ce to Baba, yaya za mu yi? Ya ce a kira kafinta.

Haka aka raba shagon da falanki, daga ƙofa har bango. Ya rage mini haya ba tare da na roƙa ba, aka sake rubuta takarda, wannan karon da keken a ciki. Ɓangarena ya zama siriri, in mutum biyu suka shigo sai ɗaya ya juya gefe. Manyan kaya na mayar da su Shagari, ɗakin matata ya sake cika. Ta falankin ina jin komai: ƙarar keke, tarinsa, hirar abokansa, da yadda yake cewa masu kawo ɗinki su leƙa wajen ɗansa akwai fitila mai kyau.

Kwanan baya dillali ya kira ni ya ce ana gina sababbin shaguna kusa da tasha, in zo in duba tun ba a kama ba. Na ce wa tsohon zan kai kaya Dingyaɗi, na zagaya ta baya na je. Ba a ma sa ƙofofi ba, amma faɗinsu ya ishe ni, kuma na fito da waya a tsakiyar ɗaya na ga sabis cike. Na daɗe a ciki ina auna bango da taku. Da na dawo, ina jingine babur, sai muryarsa ta fito daga bayan falanki, keken bai ko tsaya ba. Ya ce in zan kama, in kama na ƙarshen layi, na tsakiyar nan ruwa yana kwanciya a gabansu.