Taɓo da Wasan Wuta a York

Shekarata huɗu a Dubai na samu bizar Ingila. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Al Khabaisi, ina zaune a Bur Dubai, filat ɗaya da wata baiwar Allah 'yar Zangon Kumasi. Hutun mako guda tak aka ba ni, a farkon Nuwamba, na ce a wurin autanmu zan yi shi, wanda ke digiri na biyu a garin York. Rabona da shi tun barina Kano. Wata uku yana cika mini kunne a waya: "Yaya, ke dai ki zo. Babu lungun da ba zan kai ki ba. Kuma za ki tarar da bikin wuta."

Na sauka ana yayyafi. Ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa, ya rame, rigar sanyi ta yi masa yawa. Muna shiga ɗakinsa, wanda bai fi kicin ɗinmu na Bur Dubai ba, ya fara sosa ƙeya. Wai bayan karatu yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, kuma makon nan an cika masa ranaku. Ya miƙo mini taswira da lema.

"Garin ba shi da girma, Yaya. Ba za ki ɓata ba."

Haka na yi kwana uku ina yawo ni kaɗai kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Na hau tsohuwar ganuwar garin, ta dutse ce, a gyare tsaf, mutane na tafiya a kanta da karnukansu. Maimakon ta burge ni sai ta tuna mini badalar Kano da ruwa da masu gini ke ci kullum, raina ya ƙara ɓaci. Na je babban cocinsu, na tarar da layi ya miƙe cikin ruwa, na tsaya har yatsuna suka daina jin komai, na haƙura na juya. Akwai wani siririn lungu na tsofaffin gidaje da kowa ke yabo. Da na shiga, bayan kawunan mutane da wayoyinsu kawai na gani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne salla. Na saba a Dubai ko cikin kasuwa nake, taku kaɗan zan ga masallacin mata da wurin alwala. A can kuwa azahar ba ta gama sauka ba la'asar ta taho, kafin in yi wani motsi rana ta faɗi, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu. Banɗaki babu ruwan tsarki. Na koma yawo da gorar ruwa a jaka, na yi salla a bayan wata bishiya a lambu, goshina na taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa. Kafin shida kantuna sun rufe. In koma ɗaki in zauna jiransa, ya shigo ya ci 'yar taliya, barci ya kwashe shi ina tsakiyar magana.

Rana ta huɗu ya tashe ni da murna. "Yau ranarki ce, Yaya. Na samu wanda ya karɓi aikina."

Bayan magariba muka hau bas zuwa wani fili a bayan gari, inda ake bikin wutar. Ban san gona za mu ba, na sa takalmina mai kyau, wanda na saya musamman saboda tafiyar. Taku goma taɓo ya riƙe ƙafar hagu, na zaro ƙafa takalmi ya tsaya. Auta ya durƙusa ya tono shi yana dariya. Ni ban yi ba.

An tara itace kamar tsauni a tsakiyar filin, a samansa an ɗora mutum-mutumi na tsumma. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta ga ina kallo, ta yi mini bayani cewa siffar wani mutum ce da ya so tarwatsa majalisar ƙasar ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma ɗan garin ne. Na juya wurin auta na ce da Hausa, "Wato ɗan garinsu suke ƙonawa duk shekara, har da kawo yara kallo?" Ya ce, "Al'adarsu ce, Yaya."

Aka cinna wuta, hayaƙi ya biyo iska ya cika mana ido. Muka yi ta tsayuwa. Can aka fara harba wasan wuta, ɗaya, a dakata, wani ɗayan, jama'a na shewa kamar sun ga abin mamaki. Ina jiran a shiga ainihin abin sai na ga mutane suna tafi suna juyawa gida.

Bakina ya riga hankalina. "Shi ke nan? Khalas? Wallahi a Dubai ko sabon kanti aka buɗe an fi wannan. Don wannan ka sa na baro aikina?"

Ya juyo ya kalle ni, hasken wuta na taɓa fuskarsa. 

"Yaya, tun da kika sauka ba ki ga abu ɗaya mai kyau ba. Ruwa, sanyi, abinci, banɗaki. Ke mako guda za ki yi. Ni nan nake zaune. Bara ina jin ƙarar wasan wutar nan daga wurin aiki, ban fito ba. Na ce sai kin zo mu gani tare."

Ya kamata in yi shiru a nan. Ban yi ba. Na ce, "To ni an gaya maka dutse da hayaƙi na zo gani? Awa bakwai na yi a jirgi don in gan ka, ka haɗa ni da taswira. Me ya hana ka gaya mini gaskiya tun a waya?"

"Da na gaya miki, da ba ki zo ba."

Muka dawo a bas, kowa ya kau da kansa gefe. Sai daga baya na gane cewa ranar da ya ɗauka sai ya rama ta da aikin yini biyu a jere, wato sauran kwanakina ke nan. Na ƙarasa su a ɗaki. Na wanke masa kaya, na dafa miya tukunya biyu na zuba a robobi, ina yi ina masifa ni kaɗai, ban ma san da wa nake ba. Ranar tafiya ya raka ni tasha a gurguje, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya," ya ruga don kada bas ta wuce shi.

Na iso Dubai da rana tsaka, zafi ya rungume ni tun daga ƙofar filin jirgi. Abokiyar zamana ta buɗe mini ƙofa da guɗa. "Maraba da 'yar Ingila! Yalla, maza zauna ki ba ni labari. An sha daɗi?"

Na ce, "An sha ruwa dai."

Ta karɓi wayata tana duba hotuna, ta je ƙarshe ta dawo farko, ta ɗago ta kalle ni. "'Yar'uwa, ina ƙanin naki? Ban gan shi ko a ɗaya ba."

Na karɓa na duba da kaina. Hoto kusan arba'in, duk duwatsu ne da gajimare.

Sai da muka yi mako uku kafin mu yi magana, kuma shi ya kira. Ya tambayi lafiyata, na tambayi karatu, muka yi hirar Hajiyarmu da ciwon gwiwarta. Maganar filin nan ba mu taɓa tayar da ita ba har yau. Ni ce babba, ni ya kamata in fara ba da haƙuri, amma duk lokacin da na shirya kalmomin sai in ji har yanzu da sauran haushi a raina, nasa da nawa, in bar shi sai wani kiran.